Laƙanin Tashi Sama

Mu uku ne a gidan hayarmu na unguwar Karama a Dubai, hawa na huɗu, a wani bene da lif ɗinsa ke aiki ran da ya ga dama. Ni ina aiki a ofishin kago, masu aika kaya ta jirgi, a unguwar Port Saeed, bayan shekarun da na yi ina karanta labarai a gidan rediyo a gida. Akwai wani Bazazzagi mai sayar da magani a kemis, muna ce masa Likita don tsokana, shi kuwa yana amsawa da gaske. Sai babbanmu, mutumin zangon Kumasi, mai gadi a wani otal a Rigga, yana dab da shekara hamsin. Shi muke kira Bos.

Duk wanda ya yi kallon fim ɗin Canis ya san Bos. Shi ne mugun ƙarshe, mai tumbi da gashin baki, wanda ba ya tashi daga kujera sai an gama da yaransa kaf. Namu yana da tumbin, yana da gashin bakin, muguntar ce kawai Allah bai ba shi ba.

Ban da salla da tukunya, fim ne ya haɗa mu. Ni na kalli nawa a kan bencin silima a Kano, shi ya kalli nasa a Kumasi, ashe labari ɗaya ake sayar mana. Saurayi ya sha kashi, ya hau dutse wurin wani tsoho mai farin gemu. Tsoho ya kore shi sau uku, sannan ya sa shi ɗibar ruwa har kafaɗarsa ta yi kanta. Daga ƙarshe ya ba shi sirri, saurayi ya sauko, ya tashi sama kamar shirwa, ya gama da kowa.

Ranar Juma'a, in mun dawo masallaci mun ci wake da shinkafa, Bos kan sa faifai. Ba ya iya kallo a zaune. Yana tsaye bayan kujera, yana kai wa iska sara, yana yin ƙarar da bakinsa. Wata rana na kasa haƙuri.

Na ce, "Bos, ƙarar nan da kake ji ba ta hannu ba ce. Kabeji ne."

Ya ce, "Me?"

Na yi masa bayani dalla-dalla. A sashen wasan kwaikwayo na gidan rediyonmu, in za a yi faɗa, kabeji muke sayowa mu ajiye gaban makirufo mu maka masa muciya. Kukan iska kuwa tsumagiya ce ake kaɗawa. Hannun ɗan Adam, ko na wane ne, ba ya yin "fuu".

Ya dube ni kamar na zubar masa da miya. Masa yake kirana, irin kiran mutanen Kumasi. Ya ce, "Masa, kai ko gidan biki aka kai ka, sai ka zagaya bayan makaɗi ka ga wa ya ɗaure gangar."

A farkon sanyin shekarar ne aka liƙa musu takarda a wurin aiki. Kamfanin da ya ɗauke su zai gwada lafiya da ƙarfin kowane mai gadi nan da wata uku. Wanda ya faɗi ba za a sabunta masa kwantiragi ba, kuma a Dubai in aiki ya tafi, biza na biye da shi. Bos yana da mata da 'ya'ya huɗu a Kumasi, babbar tana makarantar koyon jinya, ga gini da ya kai linta ya tsaya yana jiran rufi. Ranar ya dawo gida, ya hau matakalar nan tamu yana hutawa a kowane hawa, ya zauna, bai ko tambayi abinci ba.

Likita ya ce, "Yaya, abin ba wuya. Awon jini za su yi maka, su sa ka gudu. Rage tuwo, ka bar sukari."

Bos ya ce, "Ei, Likita! Wa ya taɓa gwada mai gadi da allura? Ƙato za su fito mini da shi. Akwai wani ɗan Nepal a wurinmu, ɗan tsurut kamar kwalbar turare, amma an ce tsohon soja ne. Shi za su sa, wallahi. Na ga yadda yake kallona."

A duk finafinan da ya gani, gwaji ma'anarsa ɗaya ce: a share fili, a kira babban ɗalibi. Mun yi, mun yi, bai sauka daga kan wannan ba.

Bayan kwana kaɗan muna dawowa daga sallar asuba, muka ratsa ta ɗan lambun da ke tsakanin benaye. Gari ya fara haske. A ƙarƙashin wata bishiya akwai wani tsoho, mutumin Sin, cikin farar singileti da wando mai faɗi. Ya ɗaga hannu biyu a hankali, ya tura su gaba kamar mai rufe ƙofa a cikin ruwa, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya daɗe bai sauke ba. Bos ya damƙe mini hannu har sai da na ji a ƙashi.

Ya ce da raɗa, "Masa, ka ji wata ƙara?"

Na ce, "A'a."

Ya ce, "To ka gani! Kai da bakinka ka ce mai ƙara kabeji ne. Wannan ba ƙara. Na gaske ke nan."

Ban taɓa ganin an ɗauki hujjata an rotsa mini kai da ita haka ba.

Da a ce Bos ɗan fim ne kawai, da ya je ya durƙusa gaban tsohon nan a take. Amma kakansa ɗan dambe ne da ya gangara Kumasi daga arewa, kuma a gidansu an san abu biyu. Ba gwanin da ke faɗa da ƙarfinsa kaɗai, kowa da laƙaninsa, kuma ba a ba ka sai ka yi bauta. Sannan ba a zuwa wurin mai sani hannu rabbana, ba a kuma zuwa da bakin kai. Sai da goro, sai da ɗan aike. Ni aka naɗa, wai ina da Turanci, ina da muryar labarai.

Washegari na tsaya gaban tsohon da farin goro a cikin jiƙaƙƙen ƙyalle, Bos yana bayana ya sunkuyar da kai. Na yi jawabi mai kyau. Na ce ga ɗan'uwana, mutumin kirki, mai iyali, yana neman a ɗauke shi ɗalibi. Sai da na kai aya na gane tsohon ba ya jin ko kalma ɗaya. Na nuna goron, na nuna baki. Ya ɗauki guda, ya juya shi, ya gatsa.

Na ga fuskoki da yawa a rayuwata, amma ban taɓa ganin wadda ta tattare wuri ɗaya irin wannan ba. Duk da haka ya haɗiye. Ya tsaya yana sauraron cikinsa, ya bubbuga ƙirji, ya ɗaga babban yatsa. Da na kwaikwayi motsinsa, na nuna Bos, na nuna shi, sai ya fashe da dariya yana kaɗa hannu, alamar a'a, a'a.

Muna juyawa Bos ya ce, "Ɗaya." Murna fal fuskarsa.

Ranar da ta biyo tsoho ya zo mana da ƙullin ganyen shayi, ya miƙa da hannu biyu, ya sake kaɗa hannu da na maimaita roƙon. Bos ya ce, "Biyu." Ran da aka cika uku sai da ya saya mana kaza.

Daga nan bai sake tambaya ba, sai ya tsaya bayan tsohon yana yin duk abin da ya ga ya yi. Ni nakan zauna a benci, don ɗan aike ba ya barin aikensa a hanya. A makon farko, in tsoho ya tsaya da ƙafa ɗaya, Bos sai ya rungumi bishiya. Tsohon ya waiwayo sau ɗaya, ya zo ya danna masa kafaɗa ƙasa, ya buga masa gwiwa ta ɗan lanƙwashe, ya nuna hanci, ya ja numfashi a hankali. Iyakar karatun ke nan. Da Bos ya yi gaggawa, sai tsohon ya ce da Larabcin da kowa ke tsinta a Dubai, "Shuwayya, shuwayya," wato sannu-sannu.

Wata safiya bayan an tashi, tsohon ya shiga kanti ya fito da katuwar robar ruwa, irin wadda ake kifawa a kan na'ura. Bos ya tsaya cak.

Ya ce, "Ɗibar ruwa. Masa, har da ɗibar ruwa!"

Ya ruga ya kama robar. Tsoho ya riƙe, yana ja yana surutu. Bos ya ja, tsoho ya ja. Masu wucewa suka fara tsayawa. Daga baya na fahimci cewa a wurinsu kunya ce ka bar baƙo ya ɗaukar maka kaya ba ka yi gardama ba. Bos kuwa ya ɗauka ana gwada damƙarsa ne. Shi ya ci. Gidan tsohon yana hawa na biyar a layin bayanmu, lif ɗinsu lafiyarsa ƙalau, amma tsohon ya wuce shi ya nufi matakala. Bos ya bi shi da ruwa a kafaɗa. Ranar sai da na hau na tarar da shi zaune a hawa na uku yana kiran sunan Allah.

Haka aka ci gaba kullum. In ba ruwa, akwai buhun shinkafa ko kayan miya. Ganyen shayin nan kuwa Bos ya ce magani ne, ba a sa masa madara, ba a sa sukari. Ya watsar da kofinsa na da, wanda cokali ke iya tsayawa a ciki. Rannan tsoho ya ɗan taɓa masa tumbi da yatsa ya girgiza kai, daga ranar malmalar tuwo ta koma ɗaya.

Likita ya ji haushi. Ya ce, "Ni na gaya maka wannan da Hausa, a kyauta, ka ƙi. Wani ya tsokane ka da yatsa ka ce wahayi ne."

Bos ya ce, "Kai ka taɓa tsayawa da ƙafa ɗaya? Ku Zazzagawa ko da biyu ma sai an riƙe ku."

Na ce masa wannan magana tawa ce ta gado, Bakano ke da izinin faɗinta, amma na ara masa.

Ana cikin haka Bos ya lura tsohon yana yawan murza gwiwar hagu. Ya buɗe akwatinsa ya ɗauko gwangwanin man kaɗanya da matarsa ke haɗa masa da citta da kanumfari. Ya durƙusa a lambun nan, a gaban jama'a, ya naɗe wa tsoho wando ya shafa masa da hannunsa. Bayan kwana huɗu tsohon ya tare mu da tsuguno, ya tashi, ya sake tsugunawa, yana dariya yana nuna gwiwar.

Saura mako uku gwaji, wata mata ta zo lambun ta zauna kusa da ni a benci. 'Yar tsohon ce, tana da shagon kayan waya a Deira, kuma tana jin Turanci. Ta ce ta zo ne ta ga likitan Afirka da babanta ke ta labari.

Na ce, "Wane likita?"

Ta nuna Bos, wanda a lokacin yake tura ƙofar ruwa da iyakar gaskiyarsa. Ta ce ai shi ne mai ba da ɗan itace mai ɗaci da man gwiwa. Abin da ya ɗaure wa babanta kai shi ne me ya sa babban likita kamar wannan yake ƙwace masa ruwa kullum.

Na gaya mata abin da mu muka ɗauka. Ta yi dariya har ta share hawaye. Ta ce babanta shekara talatin yana sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa. Da ya yi ritaya jininsa ya hau, likita ya ce ya riƙa motsa jiki, ya guji lif. Shi ne ya shiga cikin tsofaffin matan unguwarsu da ke taruwa da safe, a wurinsu ya koya. Sunan abin taici. Ta ce gaskiya ne asalinsa dabarar faɗa ce, kuma har yanzu akwai masu bin malamai shekara da shekaru suna koyon na ainihi, amma ko su ba sa tashi sama, na fim igiya ce ake ɗaura musu a ƙugu. Babanta dai bai taɓa dukan kowa ba. Ko kaza za a yanka a gidansu, uwarta ke yi, shi ya fita.

Na shiga jirgin metro ranar da kaya a kaina. Editan da ya koya mini aiki yana da doka ɗaya: kada ka ƙara, kada ka rage. Ga shi kuma Bos ya matsa bel ɗinsa huda biyu, yana hawa benenmu ba ya tsayawa, duk a kan labarin da ba shi da tushe. In na faɗa ya karaya, rufin gidan Kumasi yana wuyana. In na yi shiru, na zama ɗan aiken da ya cinye saƙo. Har na sauka ban ga hanya ta uku ba.

Da la'asar na zaunar da Bos, Likita yana gefe. Na karanto masa labarin kamar na ƙarfe bakwai, ban ƙara ba, ban rage ba. Ya saurara har ƙarshe.

Ya ce, "Mai sayar da tikiti, ko?"

"Shekara talatin."

"Bai taɓa dukan kowa ba?"

"Ko kaza."

Sai ya juya wurin Likita yana murmushi. "Likita, a wane fim ka taɓa ganin malami ya ce shi malami ne? Wani mai shara ne, wani mai dafa taliya, wani ma ya yi kamar mashayi. Tikiti! Allah mai iko. Ko 'yarsa bai gaya wa ba."

A ranar na san iyakar aikin jarida.

Saura mako guda gwaji bizar ziyarar tsohon ta ƙare. A safiyar ƙarshe 'yarsa ba ta zo ba, tana can tana haɗa kaya. Da aka gama, ya zaro wata takarda daga aljihu, layi huɗu da rubutunsu. Ya miƙa wa Bos da hannu biyu. Ya nuna gwiwarsa. Ya nuna gwangwanin man, wanda ya kusa ƙarewa. Ya nuna takardar. Sannan ya miƙe tafin hannunsa ya tafi da shi sama a hankali, yana cewa "shuuu", har ya wuce kan bishiya.

Idon Bos ya ciko. Ya ce, "Ka ji, Masa? Shafa mai, riƙe takarda, ka tashi."

Dole in faɗi gaskiya: ni ma a lokacin ba ni da wata fassarar.

Kafin azahar ya kai takardar wurin wani mai gyaran takalma, an ɗinke ta cikin fata, ya ɗaura a damtse. Likita ya ce a bari ya nuna wa wani ɗan Sin da ke sayen magani a wurinsu, ko don a san abin da mutum ke ratayawa. Bos ya ce laƙani ba jarida ba ne, in ido ya yi masa yawa karyewa yake. Allah ne mai yi, wannan sababi ne kawai, kalas.

Ranar gwaji ni da Likita muka dawo gida da wuri, kowa yana yin kamar wani abu ya dawo da shi. Muka ji takunsa a matakala, bai tsaya ko sau ɗaya ba. Ya shigo ya zauna ya cire hula.

Likita ya ce, "Yaya, ɗan Nepal fa?"

Ya ce, "Agogo aka ba shi ya riƙe."

Ba a share fili ba, ba a kira kowa ba. An auna jininsa, an ɗora shi a sikeli, an sa su hawa bene takwas, an sa su zagaya wurin ajiye motoci a guje. Wasu sa'o'insa biyu sun zauna a hanya. Shi ya kai. An sabunta masa shekara biyu. Ya kira Kumasi a gabanmu, muna jin guɗar matarsa ta cikin waya. Amma na lura akwai ɗan abin da ya tsaya masa a rai, don ya shirya wa ɗan Nepal abubuwa da dama.

Ya ce, "Amma wallahi a hawa na shida na ji ƙafata ba ta taɓa ƙasa."

Likita ya ce, "Jiri ne, habibi."

Zafi ya shigo, an yi wajen wata uku, sai ga 'yar tsohon a ofishinmu na Port Saeed, don na taɓa gaya mata inda nake aiki. Bayan gaisuwa ta ce babanta ne ya dame ta a waya. Yana tambaya ko ya yi wa likitan Afirka wani laifi ne. Ya ba shi adireshin gidansa hannu da hannu, ya nuna masa a aiko da man ta jirgi, har yau shiru, ga gwiwa ta dawo. Ta sake rubuta mini adireshin a takardar ofis, layi huɗu.

Na kai labari gida, ban ƙara ba, ban rage ba. Likita ya zame daga kujera, yana dukan tabarma, numfashinsa na sama-sama. Bos bai yi dariya ba. Ya shafa damtsensa.

Ya ce, "Adireshi."

Na ce, "Na gidansa."

"Shuuu ɗin fa?"

"Jirgin kago."

Ya ɗauki waya ya kira matarsa, ya ce ta haɗa gwangwani uku, ta ƙara citta, ta ba duk wanda zai taso a makon. Ya ce malaminsa yana ciwo shi yana nan zaune, wannan abin kunya ne.

Da ya ajiye wayar na ce, tunda yanzu an san abin da ke ciki, sai a kwance layar ko?

Ya ce, "Ka karanta ta da idonka?"

Na ce, "Ba na jin rubutunsu."

"Ka gwada ta da wadda yarinyar ta rubuta maka?"

"An ɗinke ta kafin in gwada."

Ya ce, "To, Masa, kai ka gaya mana a rediyonku ba a sa labari sai an ji daga baki biyu. Kai baki ɗaya gare ka." Ya sauke hannun rigarsa a kan layar, ya tashi ya ɗora ruwan shayinsa marar sukari.

Man ya iso bayan kwana goma. Ni na naɗe shi, ni na cike takardar kago. A gurbin abin da ke ciki na rubuta man shafawa, don iyakar abin da zan iya tabbatarwa ke nan.